Tambayoyinku: Ayar da ta ɓace a wayata, da sauran tambayoyi kan fassarar Littafi Mai Tsarki

Barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonni uku na zaɓo don duk hanya ɗaya suka bi, wato shin za a iya amincewa da Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu yau, da fassarorinsa da suka yi yawa haka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah ka taimake ni hankalina ya tashi. Muna nazarin Littafi da yamma aka ce in karanta Matiyu 17:21, na buɗe wayata fassarar Turanci ta NIV sai na ga daga aya 20 an tsallake zuwa 22, alhali wadda ke kusa da ni tana da tsohuwar fassarar Turanci ta King James ayar na nan a nata, mai maganar addu'a da azumi. Wani a wurin yace ai cire ayoyi ake yi da gangan don a raunana masu bi. Gaskiya ne? In goge na wayar ne? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: 'Yar'uwa kwantar da hankalinki, kar ki goge komai tukuna. Koma ki duba wurin da kyau, za ki ga wani ɗan harafi ko alama, ki taɓa shi, bayani zai fito yana ce miki wasu rubutattun kwafe na da suna da wannan ayar. Kinga ke nan ba ɓoye ta aka yi ba, ƙasan shafi aka sauko da ita aka kuma faɗa miki.

Toh me ya sa? Sai mun ɗan koma baya. Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, kuma takardun farko da manzanni suka rubuta da hannunsu babu ko ɗaya da ya rage, wannan gaskiya ce da bai kamata kowa ya ji kunyar faɗinta ba. Abin da muke da shi kwafe ne na hannu, na Helenanci kaɗai sun kai wajen 5,800, wasu cikakken littafi wasu ɗan guntun takarda. Ki yi tunanin mai kwafin nan yana zaune da alƙalami, rubutun gabansa duk manyan baƙaƙe ne a jere babu tazara tsakanin kalma da kalma, ya ɗaga ido ya duba ya sunkuya ya rubuta, in layi biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya sai idonsa ya faɗa kan na biyun ya tsallake layi guda bai sani ba. Wani kuma ya haddace Markus tun yana yaro, yana kwafin Matiyu sai hannunsa ya ƙara abin da kunnensa ya saba ji. Abin da masana ke ganin ya faru da ayarki ke nan, don kusan maganar nan tana Markus 9:29, kuma manyan kwafe biyu na ƙarni na 4, wato Sinaiticus da Vaticanus, ba su da ita a Matiyu yadda aka fara rubuta su.

King James kuwa ta fito a 1611, ta dogara ne kan rubutun Helenanci da ya samo asali daga aikin wani masani mai suna Erasmus, aikin da aka buga a birnin Basel a 1516. Mutumin ya yi ƙoƙari sosai amma kwafen da ya samu ba su kai goma ba, yawancinsu na wajen ƙarni na 12 ne. Na Wahayin Yahaya guda ɗaya tak ya samu kuma shafin ƙarshe ya ɓace, sai ya ɗauki ayoyi shida na ƙarshe daga Latin ya mai da su Helenanci da kansa. Sinaiticus kuwa sai a 1844 da 1859 wani masani Bajamushe mai suna Tischendorf ya ci karo da shi a gidan sufaye na Santa Katarina a Sinai, fiye da shekara 200 bayan King James. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari ma wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ne ya sa su a 1551 bisa wancan tsohon rubutun, shi ya sa da sababbin fassarori suka sauko da ayar ba su sake lissafi ba, suka bar gurbin lambar don kar a rikita mutane, shine kika ga 20 sai 22.

Kuma tunda kin riga kin fara lura gara in faɗa miki sauran da kaina kafin wani ya zo ya firgita ki da su. Za ki ga irin haka a Matiyu 18:11 da Yahaya 5:4 da Ayyukan Manzanni 8:37. Manya guda biyu su ne Markus 16:9-20 da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11, kowanne aya 12. Na Markus ɗin ma ba a rufe magana ba, Sinaiticus da Vaticanus sun tsaya a aya 8, amma Irenaeus, wani bishop na da, wajen shekara ta 180 ya kawo aya 19 a rubutunsa, wato dogon ƙarshen ma tsoho ne ƙwarai. Shi ya sa yawancin fassarori ke barinsa a ciki su sa masa baka da bayani. Sai 1 Yahaya 5:7, maganar uku masu shaida a sama, Erasmus kansa bai sa ta a bugunsa na farko da na biyu ba don bai ganta a kwafen Helenanci ba, sai a na uku a 1522 ta shiga. Ni dai ban taɓa ganin koyarwar azumi ko tashin Almasihu ta rataya kan ɗaya daga cikin waɗannan kaɗai ba, ki buɗe Matiyu 6:16-18 a wayar taki azumi na nan daram. Wanda yace makirci ne ki tambaye shi cikin ladabi, mai ɓarna da gangan yana rubuta wa mutane a ƙasan shafi daidai inda ya taɓa?

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne, abokin karatuna kullum yana ce min Littafi Mai Tsarki an fassara shi daga wannan harshe zuwa wancan zuwa wancan har ma'anar ta gudu, musamman Tsohon Alkawari da ya fi daɗewa. Na rasa amsar da zan ba shi.

AMSA: Ɗana, abokinka ya haɗa abu biyu ne wuri guda, kwafi daban fassara daban. Fassarorin zamani da ake ji da su ba daga Turanci ko Latin suke farawa ba, Tsohon Alkawari daga Ibrananci ake ɗauko shi (da ɗan Aramiyanci a wasu surorin Daniyel da Ezra), Sabon kuma daga Helenanci. Kowace fassara komawa take yi ga tushen.

Amma tambayarsa kan kwafin tana da nauyi, kuma da can ta fi haka nauyi. Cikakken Tsohon Alkawari na Ibrananci mafi tsufa da ake da shi shine kundin Leningrad na wajen shekara ta 1008, kaga tsakaninsa da annabi Ishaya akwai nisa ba kaɗan ba. Sai a 1947 makiyaya suka ga tuluna a wani kogo a Kumran kusa da Tekun Gishiri, zuwa 1956 an tono kogo 11. A na farkon aka samu naɗaɗɗen littafin Ishaya na fata, tsawonsa ya haura mita 7, dukkan surori 66 na ciki, an rubuta shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Wato an samu damar ɗora kwafi biyu da shekara sama da 1,000 ta raba su a gwada. Bambanci akwai, da yawa ma, amma mafi yawansu na yadda ake rubuta kalma ne da ƙananan abubuwan nahawu, Ishaya 53 da ka sani ita ce a can. Akwai kalma ɗaya mai daɗi a aya 11, naɗin Kumran yana da "haske", wato zai ga haske, kuma tsohuwar fassarar Helenanci ta Septuagint da aka fara a Iskandariya tun ƙarni na 3 kafin Almasihu ita ma tana da ita, shi ya sa wasu sababbin fassarori suka dawo da ita.

Kar dai ka je ka ce wa abokinka komai ya zo ɗaya harafi da harafi, zai kama ka kuma yana da gaskiya. Irmiya na Septuagint ya fi na Ibranancinmu gajarta sosai da tsarin surori daban, kuma a Kumran an samu guntayen Ibrananci da suka bi gajeren. Tsayin Goliyat a kwafin da muka saba kamu shida ne da taƙi, a na Kumran da Septuagint kamu huɗu da taƙi. A 1 Sama'ila 13:1 lambar shekarun Saul ta faɗi daga rubutun Ibrananci tun da daɗewa. Duk waɗannan masana Kirista da Yahudawa ne suka fito da su suka buga, kuma hotunan naɗin Ishaya da na Sinaiticus suna intanet kyauta, ku zauna ku duba tare. Batun ko saƙon daga Allah yake kuwa, wannan maganar bangaskiya ce, tsohuwar fata ba za ta yanke muku ita ba, abin da za ta nuna muku shine ko abin da muke karantawa ya yi daidai da abin da mutanen zamanin da suke karantawa.

TAMBAYA: Malam wace fassara ce ta fi kowacce daidai? Ina so in tsaya kan guda ɗaya in huta.

AMSA: Ɗan'uwa na so in ba ka suna ɗaya amma ba zan yaudare ka ba. Akwai masu bin kalma da kalma, suna riƙe ginin jimlar asali amma wani lokaci karatun ya yi tauri, akwai masu bin ma'ana, karatu ya yi sauƙi amma mai fassara ya riga ya yanke maka hukunci a wuraren da asalin ya bar ƙofa biyu. Ɗauki Yahaya 3:3, inda Yesu ke yi wa Nikodimu maganar sabuwar haihuwa. Kalmar Helenancin da Yesu ya yi amfani da ita tana nufin "karo na biyu" tana kuma nufin "daga sama", Nikodimu ya kama ta farko har yake tambaya ko tsoho zai koma cikin uwarsa, mai fassara kuwa dole ya zaɓi ɗaya ya sa ɗayar a ƙasan shafi. A aya 7 ma Yesu na magana da mutum ɗaya, "na faɗa maka", sai ya juya yace dole a haife "ku". Turancin yau kalma ɗaya gare shi ta kai da ku, bambancin sai ya ɓace, Hausa kuwa tana fito da shi ba wahala.

Abin da nake yi shine ina riƙe biyu, ɗaya mai bin kalma ɗaya mai bin ma'ana, kuma ina fifita wadda kwamiti daga ikkilisiyoyi daban daban ya yi a kan ta mutum ɗaya ko ta ƙungiya guda mai son kare koyarwarta. Kafin ka zaɓa ka karanta gabatarwar da ke farkon littafin wadda kowa ke tsallakewa, a nan suke faɗin rubutun asalin da suka bi da irin salon da suka ɗauka. In ka ga ba gabatarwa ba kuma bayanin ƙasan shafi ko ɗaya, ka ajiye ta ka nemi wata. Mai tambaya kan dalilin da ya sa wani Littafi Mai Tsarki ke da littattafai 66 wani kuma 73, ka yi haƙuri, saƙonka ya iso, shi za mu fara da shi mako mai zuwa.