Filin Tambaya da Amsa: Rana ta ƙwalle amma solata ta ja baya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da shagon cajin waya da ɗan firij na ruwan sanyi a nan Daura, bara na haɗa sola fanel huɗu masu wat 300 da batir biyu. Lokacin sanyi lafiya lau wallahi, amma tunda zafi ya shigo wajen Maris zuwa Afrilu sai na ga wuta ta ja baya, kafin sha biyun dare inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara kuka. Wanda ya haɗa mani ya ce zafi ne, ni kuma na ce ai zafin ne abincinta. Don Allah cutata ya yi ko ya abin yake?
Daga wani mai shagon caji, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kasuwa. To gaskiya a wannan maganar dai mai haɗin ya fi ka gaskiya, kar ka yi saurin zarginsa. Fanel ba zafin rana yake ci ba, haskenta yake ci, zafin ma cutar da shi yake.

Hau ka duba fanel ɗinka da kyau, za ka ga an yanka shi gida-gida, baƙaƙe ko shuɗaye, da siraran layuka farare kamar zare sun ratsa su. Kowane gida ɗaya ɗan siririn faifai ne na silikon, shi kuma silikon daga irin farin dutse da yashi ake tace shi, sai dai tacewar ce ba wasa ba. A masana'anta sai a sa wa gefe ɗaya ɗan sinadarin fosfaras, ɗaya gefen kuma boron, kaɗan ƙwarai. Wannan ya sa gefe ɗaya yana da rarar wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektoron, ɗayan kuma yana da giɓinsu, a daidai inda suka haɗu kuma sai a samu wani ƙarfi mai tura ƙwayoyin nan ɓangare guda kawai ba ya barin su koma. To idan haske ya faɗo ya shiga cikin silikon ɗin sai ya fizge ilektoron daga mazauninsa, ƙarfin nan ya tura shi sama, fararen layukan da ka gani su kwashe shi su sa shi a waya, ya bi ta batir ko ƙwan fitila ya zagayo ta ƙasan faifan ya dawo. Wannan zagayen shi ne wutar lantarki, shi ya sa ba ka jin ƙara, ba inji ba mai ba abin da ke juyawa.

Gida ɗaya bai wuce rabin bolt (ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta) da ɗan ɗoriya yake bayarwa ba, don haka ake jera su 60 ko 72 a fanel guda, wutar wannan ta bi ta cikin wancan har ƙarshe. Abin ba sabo ba ne fa, wani matashi Bafaranshe Edmond Becquerel ne ya fara lura da shi tun 1839, sai a 1954 masana a Bell Labs ta Amurka suka yi na silikon mai amfani, wanda kashi 6 cikin 100 na hasken kawai yake iya mayarwa wuta. Na kasuwa yanzu suna kai wajen kashi 20 ko sama kaɗan, sauran hasken mafi yawa zafi yake komawa a jikin fanel ɗin.

Nan ne maganarka ta shigo. Wat 300 ɗin da aka rubuta a bayan fanel an auna shi ne fanel ɗin yana digiri 25, a ɗakin gwaji. Duk digiri ɗaya da ya hau sama da haka yana rasa wajen kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, saboda bolt ɗinsa sauka yake in ya ɗau zafi. A Daura ko Katsina cikin Afrilu, iska kanta ta haura 40, fanel kuma baƙi ne yana kwance kan kwano, kaiwa 60 zuwa 65 ba wani abin mamaki ba ne. Yi lissafi, mai 300 ya dawo wajen 250, sau huɗu ka ga kusan wat 200 sun tafi ba wanda ya sace. Shi ya sa safiyar hunturu da sama ta washe ba hazo, fanel ya fi jin daɗin aiki.

Kuma ni na fi zargin ƙura ma a kan zafin. Tun Nuwamba ba a yi ruwa ba, duk ƙurar hunturu tana nan ta yi kauri a kan gilashin, ga kashin tantabaru, mutane da yawa tun ranar da aka ɗora fanel ba su sake hawa ba. Kashin tsuntsu ɗaya da ya rufe gida guda yana iya ja wa dukkan layinsa baya, kamar leburori masu miƙa kwanon kankare hannu da hannu ranar zuba dekin bene, mutum ɗaya ya yi nawa kowa ya tsaya jiransa. Haka inuwar reshen dalbejiya ko ta tankin ruwa. Ka riƙa wankewa da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, kar ka watsa ruwan sanyi da tsakar rana, kar ka kankare da ƙarfe.

Sannan firij ɗinka da fanka yanzu kusan ba sa hutawa, wato shigowa ta ragu fita ta ƙaru. Idan batir ɗinka irin mai ruwa ne zafi yana ƙafar da ruwan, a duba a ƙara tataccen ruwa na batir, wato distil, ba asid ba kuma ba na rijiya ba, kuma irin wannan batir in ana shanye shi ƙasa da rabi kullum ba ya daɗewa. Inda za ka iya tuhumar mai haɗin shi ne idan ya manne fanel da kwano bai bar tazarar da iska za ta bi ta ƙasa ba, ko bai fuskantar da su kudu da ɗan karkace wajen digiri 13 zuwa 15 ba, ko ya sa siririyar waya mai ɗaukar zafi. Ka tambaye shi kwantirolar da ya sa, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, irin da ake kira PWM ce ko MPPT, ta biyun ta fi tsada amma ta fi tatso abin da fanel ke da shi.

TAMBAYA: Malam ni fanel ɗaya gare ni, zan iya jona firij kai tsaye ba sai na sayi inbata ba? Kuma da damina in hadari ya rufe solar tana aiki?
Daga wata uwargida, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Hajiya kar ki gwada. Wutar fanel DC ce mai tafiya hanya ɗaya, firij na gida kuma AC yake so, mai kai da komowa, mai bolt 230 irin ta NEPA, aikin inbata kenan ta juya DC zuwa AC. Akwai firij da fanka na DC da aka yi don sola, su ba sai da inbata ba, amma firij ɗin yawanci sai da batir da kwantirola. Da hadari kuma sola tana aiki amma ƙasa-ƙasa tunda haske yana ratsowa ko yaya, ranar da sama ta yi baƙi ƙirin sai ki rage kaya, guga da hita dai a bar su sai rana ta fito.