Amsa ga mai tambaya kan cunkoson safe a shagon gahawa da burodi

'Yar'uwa, kin ce an damƙa miki kula da wani shagon gahawa da burodi a cikin unguwa, kuma daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe layi yakan kai bakin ƙofa, mutane na ƙorafin jinkiri da musanyar oda, har kina tunanin sauya ma'aikata. Kada ki yi gaggawar sallamar kowa tukuna. Yawancin abin da kwastoma ke kira rashin mutunci daga bayan kantar shagon yake tasowa. Mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi, shi ke ɗumama madara, shi ke zuba burodi a jaka. Wanda aka ɗora wa aiki uku lokaci guda, ko da fara'a aka haife shi, sai fuskarsa ta ɗaure.

Ki fara da raba wurare. A lokacin cunkoso mutum uku ake buƙata, kowa da inda ya tsaya: mai karɓar oda da kuɗi, mai injin haɗa gahawa, da mai burodi wanda shi ne kuma zai riƙa miƙa wa mutane kayansu. Mai inji ba ya taɓa kuɗi, ba ya amsa tambayar farashi, idonsa na kan kofuna. Wurin yin oda daban, wurin karɓa daban, ko da taku uku ne kawai tsakaninsu. In ba haka ba, wanda ya biya zai tsaya cak a gaban wanda bai biya ba, layi ya cuɗe, kowa ya fara zargin an tsallake shi.

Musanyar oda kuwa maganinta a bakin mai karɓa yake. Ya maimaita wa kwastoma abin da ya ce kafin ya karɓi kuɗi: "Babban kofi ɗaya mai madara ba sukari, ƙaramin baƙi ɗaya, da burodi biyu, haka ne?" Daƙiƙa biyar ke nan, amma sake haɗa kofi ɗaya ya fi minti guda, ban da asarar madara. Sannan a rubuta suna da irin gahawar a jikin kofin, a jera kofunan bi da bi daga hagu zuwa dama. Oda ta baki, wadda ake ɗaga murya a jefa wa mai inji, ita ce ke ɓacewa cikin ƙarar niƙa da tururi.

Yanzu ga inji, domin nan ne jinkirin yake ɓuya. Esfireso, wato gahawa mai kauri da inji ke tatsowa da matsin ruwan zafi, in ana son mai kyau, giram 18 na garin gahawa ake sa wa, a samu kamar giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Idan ya zubo da sauri ƙasa da daƙiƙa 20, niƙan ya yi tsaki-tsaki, zai fito da tsami kuma tsararo. Idan yana ɗiga har ya wuce daƙiƙa 40, garin ya yi laushi da yawa, ga ɗaci ga ɓata lokaci. Niƙan ba ya zama wuri ɗaya, ɗanshin iska da tsufan ƙwayar gahawa suna sauya shi, don haka ana saita injin niƙa kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, da sikeli da agogo, a ɗanɗana. Wanda ya bari sai layi ya taru sannan ya fara gwaji, kwastomomi biyar na farko su ne za su sha gwajinsa. Shi kansa injin esfireson yana son a kunna shi aƙalla minti 30 kafin buɗewa don ƙarfensa ya ɗauki zafi.

Madara a tsaya da ita tsakanin digiri 60 da 65 na ma'aunin Celsius. Ta haura 70, zaƙinta ya tafi, kumfar ta lalace, ta fara warin ƙauri. Kada a sake ɗumama ragowar da aka bari a jug, a auna daidai kofin da za a yi. A feso tururi kaɗan kafin a tsoma bakin bututun tururin a cikin madara da bayan an cire shi, a goge da tsumman da ba a amfani da shi a ko'ina sai nan. Wannan abu ne da nake ganin bai kamata a yi wa kowa sassauci a kansa ba, komai tsawon layi, saboda madarar da ta bushe a bututu ita ce ke ɓata ɗanɗanon kofi na gaba. Gahawar da aka tace a babban tulu kuma, in ta wuce rabin awa a kan zafi ta fara ɗaci; gara a riƙa yin kaɗan-kaɗan.

Ɓangaren burodi nasa matsalolin daban. Kowa na son mai zafi, amma babban burodi da ya fito daga tanda yana buƙatar kusan awa ɗaya ya huce kafin a yanka, in ba haka ba cikinsa zai danƙare a wuƙa. Mai ɗumi a sa shi a jakar takarda. Leda tana tara gumi, ɓawon ya yi laushi kafin mutum ya isa gida, gobe ya dawo ya ce an sayar masa da kwanannen burodi. Abin da ya ƙare a cire alamarsa nan take. Ba abin da ke ɓata rai irin mutum ya yi minti goma a layi yana kallon sunan kek, ya iso a ce masa babu. Ki riƙa rubuta abin da ya ƙare da ƙarfe nawa ya ƙare, mako biyu kacal, za ki ga da kanki abin da ya kamata a ƙara gasawa da abin da ake asara a kai.

Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ko ƙwai, ko madara, ko alkama, kuma ga wasu abin yakan kai ga asibiti. A ajiye takardar abin da ke cikin kowane kaya kusa da mai karɓar oda, a ware abin ɗauka da tire na kayan da ke da gyaɗa. Ma'aikacin da bai tabbatar ba ya ce bari ya duba, kada ya kintata.

Sai magana. Mutum yakan jure jira idan ya san an gan shi kuma ya san iyakar jiran. Wanda ya shigo, a ɗaga ido a ce masa sannu da zuwa ko da hannu na aiki. Idan oda za ta kai minti takwas, a faɗa masa takwas tun kafin ya biya, kada a ce "yanzu-yanzu". In an kawo ƙorafi, a bar mutum ya gama maganarsa, a ba shi haƙuri sau ɗaya da gaske, a sake masa kofin ba tare da gardamar ko shi ne ya faɗi ba daidai ba. Ki ba ma'aikata izinin yin haka da kansu, ba sai sun nemo ki ba. Kuma kada a taɓa ɗora laifi kan abokin aiki a gaban kwastoma. Gyaran ma'aikaci a bayan fage ake yi, bayan cunkoso ya lafa. Wanda ya kai ga zagi, ke za ki fito ki karɓi maganar, ki janye shi gefe daga layi, yaranki su ci gaba da aiki.

Kwastomomin kullum su ne ƙashin bayan shagon unguwa, a san sunansu da abin da suke sha. Amma kada a tsallake da su layi a idon baƙo. Idan mai inji ya hango na kullum ya shigo, zai iya ajiye kofinsa a jeri, ya jira lokacinsa kamar kowa.

Kafin ki yanke hukunci kan kowane ma'aikaci, ki tsaya gefe safiya uku da agogo a hannu, ki auna minti nawa ake ɗauka daga shigowar mutum zuwa biyansa, da kuma daga biya zuwa karɓar kofi. Idan na farkon ne ya yi tsawo, gyaran na wurin mai karɓar oda da allon farashi. Idan na biyun ne, ki duba niƙa, da yawan jug ɗin madara, da ko kofuna da murafensu suna inda hannun mai inji zai kai ba tare da ya juya baya ba.