Amsar Baba shugaban mawaƙa kan makahon da ya kaɗa ogan ɗin Notre-Dame

Salama gare ku jama'a. To ɗana, na ga tambayarka a ƙarƙashin bidiyon cocin Notre-Dame na Paris da aka turo, wai da gaske ne akwai wanda ya mutu yana cikin kaɗa ogan ɗin wurin, wato babban abin kiɗan nan mai bututu. Da gaske ne. Louis Vierne sunansa, ranar 2 ga Yuni 1937. Amma ni na san ba mutuwarsa ce ta dame ka ba. Tun da kwamitin cocinmu suka ce ba kuɗin mota ga masu kiɗa kake ta kewaye-kewaye. To saurara.

A garin Poitiers aka haife shi, 1870, da yana a idanunsa biyu. An yi masa aiki yana yaro, ya samu gani, amma dishi-dishi. Makarantar makafi ta Paris ya yi. In zai rubuta kiɗa, sai an samo masa manyan takardu masu ƙaton layi, da idon ya ƙara lalacewa kuma ya koma rubutun makafi. Ya ɗan zauna a gaban malamin ogan César Franck kafin Franck ya rasu a 1890, sannan wani malamin ogan, Widor, ya karɓe shi, har ya mai da shi mataimakinsa a cocin Saint-Sulpice. Shi Widor ɗin ma, a matsayin na wucin gadi aka ɗauke shi a 1870, ya share fiye da shekara 60 a kujerar ba wanda ya tuna ya tabbatar da shi. Ka ga halin kwamiti ko'ina ɗaya ne.

A 1900 aka yi gasar neman mai kaɗa ogan na Notre-Dame, Vierne ya cinye. Kuma don Allah ku daina kwatanta abin nan da kibod ɗinmu. Jerin makullai biyar ne na hannu, wani bisa wani, ga na ƙafa a ƙasa da ake takawa, ga bututu wajen 8,000 a yanzu. Maƙerin ogan Cavaillé-Coll ne ya sake gina shi a 1868. Kafin a sa masa injin lantarki, ƙarti ne ke hura masa iska, kamar zugazugin maƙera, in babu su ba ka da sauti ko ɗaya. Wannan dodon ne mutumin da ba ya gani sosai ya riƙe shekara 37.

A 1906 ya faɗi a titi a Paris ya karya ƙafa, mummunar karaya, har an yi maganar yankewa. Mai ogan kuwa da ƙafa yake kaɗa rabin kiɗansa. Sai da ya koma ya sake koyon takawa tun daga tushe.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne. Mutumin nan ya yi fiye da shekara 15 yana koyarwa a ajin ogan na babbar makarantar kiɗa ta Paris a matsayin mataimaki, ba a biyansa ko sisi. Da mai kujerar, Guilmant, ya rasu a 1911, kowa ya ɗauka shi za a ba. Aka tsallake shi aka ba wani mai ogan, Gigout. Ni wannan na san zafinsa. Shekara da shekaru ina ɗaukar tsohon kibod a bayan keke, ruwa da iska, ni ne sayen batir, ni ne ɗaure waya da leda. Ranar da aka sayo sabo aka yanka alawus, sai ga ɗan ɗan'uwan wani dattijo an zaunar da shi a kai, yaron da ni na nuna masa inda ake ɗora yatsa. Ko a kira ni gefe a ce Malam ka yi haƙuri, babu. A sanarwa na ji, ina zaune a benci na uku. Har yau in na wuce ta ƙofar cocin nan... kai, a bar shi, ba shi ya tara mu ba.

Ina muka tsaya? Yauwa. Auren Vierne ya mutu a 1909. Ɗansa André tarin fuka ya ɗauke shi a 1913. Yaƙin duniya na farko ya ci ɗansa Jacques a 1917, ya ci ƙanensa René a 1918, shi kuma a lokacin yana Suwizalan yana fama da hawan jinin ido. Marcel Dupré, ɗalibin da ya taso a hannun Vierne, shi ya riƙe masa kujerar Notre-Dame a lokacin, daga baya suka ɓata a kan wa ke da haƙƙin amsa sunan mai ogan ɗin wurin. Wannan dogon zance ne, wata rana.

Ogan ɗin ma ya lalace, coci ba kuɗi. Shi da kansa ya tafi Amurka a 1927 yana kaɗe-kaɗe, yana neman abin gyara. Kai kuwa kuɗin acaba ya hana ka barci. Ban ce kwamiti sun kyauta ba fa, ba su kyauta ba, kuma zan faɗa musu a gabansu ranar Lahadi.

Mutuwar da ka tambaya: taron kiɗa ne da dare, ya gama kaɗa wani kiɗan da ya tsara don tunawa da wani yaro da ya rasu. Aka miƙa masa taken da zai ƙirƙiri kiɗa a kansa nan take, a rubutun makafi. Ya shafa, sai ya kife, ƙafarsa ta danne makulli ɗaya na ƙasa, sautin yana ta ruri a cocin. Ɗalibinsa Maurice Duruflé na tsaye a gefensa.

Gobarar da ta kama cocin a 2019 ba ta cinye ogan ɗin ba, ƙurar darma ce ta cika shi, aka kwance bututun ɗaya bayan ɗaya aka wanke, aka sake buɗewa a Disamba 2024. Ya bar manyan kiɗan ogan da ake kira simfoni guda 6, amma kai fara da Carillon de Westminster, wanda ya gina a kan ƙarar agogon Landan. Ka nema a YouTube, ka sa abin kunne, don sifikar waya ba ta fitar da muryar ƙafa. Kuma ranar Alhamis ƙarfe biyar ne gwaji, ba biyar da rabi ba.