Me ya sa abinci ke ƙarewa a sansanina a State of Decay 2?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Aboabo a Kumasi nake rubutowa. Wata biyu ke nan ina buga State of Decay 2, wasan tsira daga zombi (matattu masu yawo suna kai wa mutane hari), a kwamfutar yayana. Mutanena sun kai tara, na cika fili da gine-gine, amma kullum abinci ba ya isa, suna ta faɗa da juna, zombi kuma ba sa barin bakin ƙofa. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar tana cikin taran nan da ka ambata. Kamfanin Undead Labs da ya ƙirƙiri wasan, wanda ya fito a 2018, ya gina shi ne kamar babban gida irin namu na Zango, inda tukunya ɗaya ke ciyar da kowa. Duk wanda ka karɓa baki ne da zai ci kullum, ga gado da zai nema, ga hayaniyar da zai ƙara. Rashin gado da yunwa su ke jawo faɗan da kake gani. Mutum biyar ko shida masu sana'a, a ce akwai manomi da mai magani da makanike, sun fi tara da ba su iya komai ba. Wasan ya ba ka damar sallamar mutum. Na san da ciwo, ni ma nakan daɗe kafin in yi, amma ka duba wanda ba ya tsinana komai.

Kayanka biyar ne: abinci, magani, harsashi, kayan gini da mai. Kada ka dogara da buhunan da kake kwasowa, domin gidan da ka yashe ya yasu ke nan. Ka yi lambu, ka samar masa ruwa, sannan ka kafa ƙaramin sansani a wani shagon abinci, shi zai riƙa turo maka kaso kowace rana. In za ka fita nema, ka tafi da mota: bayanka buhu ɗaya yake ɗauka, but ɗin mota kuwa yana cin da yawa.

Batun zombi a ƙofa, ƙara ce ke kiran su. Janareta da wurin ƙere-ƙere da harbi ba tare da abin danne ƙara ba, duk gayyata ce.

Kuma ba magani ɗaya ake yi musu ba. Mai ihun nan marar hannuwa, ka harbe shi a ka tun daga nesa kafin ya buɗe baki ya tara maka jama'a. Mai kumburarren ciki, kada ka kuskura ka take shi da mota, gubar za ta cika motar kana ciki. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Feral, mai gudu da ƙafa huɗu. Na taɓa rasa mai maganina a hannunsa, ina wasa da ita, tana tsaye tana binciken durowa a wani kicin da dare, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ko kaucewa ba ta iya yi ba. A wasan nan wanda ya mutu ya tafi har abada, da duk ƙwarewar da ka sha wahalar koya masa. Tun daga ranar ba na fita da gajiyayye. Shi kuwa ƙaton, Juggernaut, in ba ka da babbar bindiga ko abin fashewa, ka shiga motarka ka canza hanya.