Hukuncin Yin Sikanin Ga Mai Juna Biyu: Shin Shiga Gaibu Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina ɗauke da cikin wata biyar, kuma kwanan nan ina ganin jini jefi-jefi. Da na je awo sai likita ta rubuta mini in yi sikanin. Maigidana ya hana, ya ce Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin mahaifa, leƙa shi shisshigi ne cikin gaibu. Ga shi kuma a asibitinmu namiji ne ke ɗaukar hoton. Malam, mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Sikanin halal ne, a irin halin da kika faɗa ma yana iya zama wajibi. Maigidanki kishin addini ne ya sa shi faɗin haka, sai dai ya ɗora ayar a inda ba nan ne muhallinta ba.

Ayar ita ce ta 34 a Suratu Luƙman, inda Allah Ya ce Yana sanin abin da ke cikin mahaifu. Ayar ba ta taƙaita zancen ga namiji ne ko mace ba. Sanin Allah ya game komai na wannan halitta tun kafin ta zama wani abu: za ta rayu ko za a yi ɓarinta, nawa ne arzikinta, yaushe ne ajalinta, me za ta aikata, 'yar Aljanna ce ko 'yar wuta. Huɗun ƙarshe su ne ake umartar mala'ika ya rubuta a hadisin Ibnu Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito. A hadisin Huzaifa ɗan Asid kuwa, cikin Sahihu Muslim, bayan dare 42 mala'ika yana tambaya: ya Ubangiji, namiji ne ko mace? Sai Allah Ya hukunta, mala'ikan ya rubuta. To, mala'ika halitta ne, kuma ya sani. Shi ya sa Ibnu Kasir ya ce a tafsirin ayar, idan Allah Ya yi umarni da kasancewarsa namiji ko mace, mala'ikun da aka wakilta sukan sani, da wanda Allah Ya so daga halittarsa. Ya faɗi haka ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera wannan na'ura.

Ita na'urar me take yi? Ana shafa wani mai mai sanyi a mara, a ɗora kanta a kai, sai ta aika da sautin da kunne ba ya iya ji. Sautin ya bugi ƙashi da tsoka da ruwa ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Wani likitan mata a Glasgow ta ƙasar Sikotlan, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninta a 1958. Abin da take nunawa abu ne da ya riga ya samu, fata ce kawai ta rufe shi. Ungozoma ta gargajiya takan lalubi ciki da hannu ta ce kan yaro bai juyo ba, ba mu taɓa jin malami ya ce ta yi duba ba. Boka iƙirarin sani yake yi ba tare da sababin da shari'a ko hankali suka yarda da shi ba. Mai hoto kuwa abin da idonsa ya gani yake faɗa, wani lokaci ma ya yi kuskure, a ce mace a haifi namiji.

Kuma ke ba don sanin jinsi aka tura ki ba. Jini a tsakiyar ciki yana iya zuwa daga mabiyiya da ta zauna ƙasa ta tare bakin mahaifa. Wadda ke da wannan, in ta tsaya haihuwa a gida, jini na iya ɓallewa kafin a kai ga asibiti. In an gani da wuri sai a shirya mata aiki, a tanadi jini. Hoton yana nuna bugun zuciyar jariri, da kwanciyarsa, da yawan ruwan da yake ciki, da ko tagwaye ne, a farkon ciki kuma yakan gano wanda ya zauna a wajen mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi shi sau ɗaya kafin mako 24. Gano cuta shi ne ƙofar magani, Annabi (SAW) kuwa ya yi umarni da neman magani a hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Biyayyar miji ba ta kai inda za a jefa rayuka biyu cikin haɗari ba, domin hadisin da Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya hana cuta da cutarwa.

Maganar namiji ita ce damuwarsa mai tushe. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jera abin kamar haka: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya ko da ba Musulma ba ce, in babu sai namiji Musulmi, sannan wanda ba Musulmi ba. Sharaɗi shi ne kada a buɗe sai gwargwadon buƙata, kuma kada a keɓe; miji ko muharrami ko amintacciyar mace su kasance a wurin. Saboda haka ku tambaya ko akwai mace a kusa. In babu, ko sai an yi doguwar tafiya, ko kuɗin ya fi ƙarfinku, ga jini kuma yana zuba, namijin ya yi. Ki sa riga da zani maimakon doguwar riga, don mara kawai za a buɗe, shi kuma maigida ya shiga tare da ke in an ba shi dama.

Tambayar jinsi in ya bayyana babu laifi. Haramun shi ne zubar da ciki don an ga mace, halin Jahiliyya da Suratun Nahli ta zarga a ayoyi na 58 da 59. Malamanmu na Malikiyya irin su Dardir sun hana zubar da ciki ko kafin kwana 40 ne.

In aka ce hoton ƙashi ko na kwanya za a yi miki, wato irin masu amfani da haske mai ratsa jiki, ki fara gaya musu kina da ciki, domin su ba da sauti suke aiki ba. Ki nuna wa maigida wannan amsa cikin ladabi, ku je a yau ko gobe. In jinin ya ƙaru ko ciwon mara ya taso, ko cikin dare ne a tafi asibiti.

Wallahu a'alam.