Ku Tambayi Tanti: Na ɗora hoton amarya a status, yanzu dangin ango sun taso ni gaba

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti, barka da aiki. Ni mai shirya biki ce a nan Damagaram, shekara huɗu ke nan ina wannan sana'a, rumfa da kujeru da abinci har mai kwalliya da mai hoto duk ni nake haɗawa. Watan jiya na yi wani biki a Birni, amarya ta yi kyau wallahi, sai na ɗora hotonta a status ɗina don in jawo ciniki, kafin la'asar uwar ango ta kira ni tana faɗa, ashe gidan masu kulle ne kuma wata ta kwashi hoton ta kai TikTok. Ga shi yanzu wata da za ta zo aure daga Yamai ta ce sai na rubuta mata abin da nake yi da bayanansu kafin ta ba ni abansi. Me zan rubuta? Kuma wai da gaske akwai doka a kan wannan ko tsoratarwa ce?
Daga wata ƙanwarki a Sabon Gari.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ba zan ɓoye miki ba, uwar ango ta fi ki gaskiya. Kwalliyar aikinki ce amma fuskar ba taki ba ce. Kar ki tsaya ba da haƙuri ta waya, ki samu babba a gidanku ta raka ki har gidan, ki durƙusa, ki goge hoton a gaban idonsu, ita kuma wadda ta kai TikTok a neme ta ta sauke, in ta ƙi akwai wurin kai ƙara a cikin manhajar.

Yanzu ɗauko wayarki ki buɗe WhatsApp mu gani tare. Ga lambar amarya da ta ango da ta uwar biki, ga kwatancen gida har da kalar ƙofa, ga lissafin lefe akwati nawa zane nawa, ga hoton resi na kamfanin aika kuɗi Nita ko Amana mai ɗauke da cikakken suna, ga awon jikin amarya da kika tura wa tela, ga saƙon muryar baban yarinya yana cewa a yi masa haƙuri da cikon jika 200 sai bayan salla. Kin san ranar da gidan zai zama wayam kowa ya tafi walima, kin san wanda ya ci bashi ya yi kayan ɗaki. Abin da ko ƙanwar uwa ba a gaya wa ba yana cikin wannan ƴar wayar da kike miƙa wa yaro ya yi wasa in yana kuka.

Doka kam akwai. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 ranar 3 ga Mayun 2017, daga baya aka maye gurbinta da doka 2022-59 ta ranar 16 ga Disamban 2022, kuma akwai hukuma a Yamai da ake kira HAPDP wadda ke karɓar ƙorafin jama'a a kan irin wannan. Suna, lambar waya, hoton da ake gane mutum a ciki, duk bayanan mutum ne a idon doka. Gundarin maganar shi ne mutum ya san me kike karɓa da dalili, kar ki yi amfani da shi a wani abu dabam ba da yardarsa ba, kuma yana da ikon ya ce ki nuna masa, ki gyara ko ki goge. Hoton da aka ɗauka don amarya ta ajiye kika mayar da shi talla, nan ne kika taka. Waccan ta Yamai ba iyayi take yi ba, ta san haƙƙinta ne kawai.

Takardar kuwa kar ki je ki kwaso wata doguwa ta kamfanin Faransa a intanet mai shafi goma da ke kanki ba ki gane ba. Shafi ɗaya ya isa, Hausa a gaba Faransanci a baya. Ki faɗi abin da kike karɓa, ki faɗi wa za ki ba wa kuma me za ki ba shi, domin mai abinci yawan mutane da wuri da lokaci kawai yake buƙata, ba ruwansa da lambar amarya balle sadakinta. Ki faɗi yaushe za ki goge, ni da ni ce wata uku bayan biki sai in share komai in bar resi da lissafin kuɗi saboda gardama. Sai lambar da za a kira ki in akwai ƙorafi. Maganar hoto ki ware mata layinta dabam, na yarda ko ban yarda ba, kuma amarya da ango kowa ya sa hannu, saboda sau da yawa amarya ce ke cewa ɗora Tanti ba komai, rigima kuma daga ɗakin miji take fitowa. Yardar amarya ba ta hau kan ƙawayenta ba, can cikin masu anko akwai matar wani. Wadda ba ta karatun boko ki karanta mata, ta amsa da murya ki ajiye. In an ce a'a, ai kina da rumfa da fitilu da teburin amarya kafin mutane su shigo, su ma talla ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gurup ɗin biki. A zuba mutum 150 wuri ɗaya kowa na ganin lambar kowa, gobe ƴanmata su fara samun kira cikin dare, ko wani ya sa hoton rumfarki a fuskar lambarsa ya bi mutane ɗaya-ɗaya wai a turo kuɗin anko ta sabuwar lamba. Ki yi amfani da broadcast, wato saƙo ɗaya da WhatsApp ke kai wa kowa shi kaɗai, yana ɗaukar mutum 256 kuma ba mai ganin wani, sai dai wanda bai ajiye lambarki ba saƙon ba zai kai gare shi ba, don haka ki sa a katin gayyata. Ki sanar tun farko lamba ɗaya ce ake biya ta kanta.

Ita wayar ki sa mata makulli, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, lamba shida ɗin da ke zuwa ta SMS kuma ko wa ya kira ya ce ki karanto masa kar ki yarda, da ita ake ƙwace asusu. In za ki kai gyara kasuwar Dole ki cire katin memori. In da hali ki raba wayar sana'a da ta gida. Ƴan aikinki ma ki zaunar da su, hannu da yawa ke ɗaukar hoto ranar kamu.

TAMBAYA: Tanti ni mai hoto ne a Zango. Kyamara tawa, wahala tawa, don me sai na nemi izini kafin in nuna aikina?

AMSA: Ɗana, an biya ka ne ka ɗauka ka ba su, ba a sayar maka da fuskar kowa ba. Ka tambaya ranar da ake ciniki, da yawa za su yarda in ka bar su su zaɓi guda biyu ko uku da kansu, wasu kuma in ka rage musu jika biyar. Na ɗakin lalle da na wankan amarya kuwa ko an yarda ni ban ba ka shawara ba, ka miƙa musu a kile, wato USB, ka share naka kwafin daga kwamfuta a ranar.