Littattafan da ke riƙe zuciya a lokacin tsanani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina sarin albasa da tumatir daga Arewa. A bara motar da ta ɗauko mini kaya ta lalace a hanya, kayan suka ruɓe, jarina ya karye, yanzu dillanci nake yi wa waɗanda a da muke gogayya da su. Barci yana yi mini wuya. Ina karanta Hausa sosai, Turanci kuwa daidai gwargwado. Waɗanne littattafai ne za su ƙarfafa mini gwiwa? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya mayar maka da mafi alheri. Shawarata ta farko ita ce ka yi hattara da ƙananan littattafan da ake tallarsu a cikin cunkoson motoci, masu alkawarin arziki cikin kwanaki, domin wanda ya yi asara ta gaske idan ya karanta su sai ya ƙara ganin laifin kansa. Abin da zai amfane ka shi ne littafin da bai ɓoye girman asara ba, wanda kuma ya nuna yadda mai ita ya riƙa tafiyar da yininsa a cikinta.

Ka fara da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, musamman babin takunkumin da Ƙuraishawa suka ƙaƙaba wa Banu Hashim a Shi'ibu Abi Ɗalib. Kimanin shekara uku aka hana sayar musu da abinci da ƙulla aure da su, har ta kai suna cin ganyen itace, kuma ba a daɗe da fitowa ba Abu Ɗalib da Nana Khadija suka rasu, sannan aka jefi Manzon Allah a Ɗa'ifa. Littafin Ar-Rahiƙul Makhtum na Safiyur Rahman Mubarakfuri ya kawo wannan a tsare. Ɗan kasuwa zai fi kowa gane zafin wannan babi, tunda ta hanyar ciniki aka nemi karya su.

A Hausa, ka nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, tun kafin marubucin ya zama Firayim Minista ya zauna a nan Legas. Ƙagaggen labari ne, gajere, kuma ko da yake sunan Umar ke kansa, a ganina uwarsa ce ƙashin bayan littafin. An sace mata ɗa yana ƙarami, ta bar gida tana cigiyarsa, ita ma aka mayar da ita baiwa aka ƙetara Sahara da ita, kuma da ta sadu da shi a ƙarshe ba ta daɗe ba ta cika. Marubucin bai yi wa mai karatu daɗin baki ba, shi ya sa labarin ke zama a rai.

Wanda na fi so ka ba lokaci shi ne Long Walk to Freedom na Nelson Mandela, wanda ya fito a 1994. Kowa ya san ya yi shekara 27 a kurkuku, amma kaɗan ne suka san yadda shekarun suka gudana. Shekara 18 daga ciki ya yi su a kurkukun tsibirin Robben da ke Afirka ta Kudu, daga 1964 zuwa 1982, yana haƙar farar ƙasa a cikin rana har hasken ya lahanta masa idanu. Da farko wasiƙa ɗaya da baƙo ɗaya kawai aka yarje masa a cikin wata shida. Mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa ya mutu a hatsarin mota a 1969, kuma duka biyun an hana shi zuwa jana'iza. Ka lura da abin da ya riƙe shi a wannan hali: yana tashi da asuba ya motsa jiki a cikin ɗan ƙuntataccen ɗakinsa, yana karatu, yana neman a ba fursunoni baƙar fata dogon wando kamar sauran, sannan ya yi ɗan lambu a harabar kurkukun ya shuka tumatir da barkono da albasa, kayan da kai ma ka san darajarsu. Mutumin da aka ƙwace wa komai ya nemi ƙananan abubuwan da ke hannunsa ya tsare su kullum. Littafin yana da kauri, amma Turancinsa mai sauƙi ne, kuma kana iya fara shi daga sashen tsibirin.

Idan ka gama, akwai Man's Search for Meaning na Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Austriya da ya tsira daga sansanonin azaba na 'yan Nazi na Jamus, inda iyayensa da matarsa da ɗan'uwansa suka mutu. A 1946 ya buga shi, kuma abin da ya lura shi ne wanda ke da wani da ke jiransa, ko aikin da bai kammala ba, ya fi jure wahala. The Man Died na Wole Soyinka, kan tsarewar da aka yi masa daga 1967 zuwa 1969 a Kirikiri da Kaduna, littafi ne mai ƙarfi, sai dai Turancinsa yana da tsauri, don haka ka bar shi sai daga baya.

Na Turancin za ka iya samunsu da araha wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba, na tarihin Manzon Allah kuma wurin masu littattafan addini a bakin masallatan Agege, Shaihu Umar kuwa ka sa direbobin da ke kawo kaya su taho maka da shi daga Kano ko Zariya. Game da rashin barcin, idan ya ci gaba har ya fara taɓa cin abincinka da aikinka, ka ga likita, ka kuma faɗa wa wani babba da ka yarda da shi a kasuwa halin da kake ciki.